Raunin da Ba Ya Jini

Soja kan dawo daga fagen fama da ƙafafunsa, amma hankalinsa yana can. Ba barci, ba hira, ƙarar ƙofa ma razana shi take yi. Da yake an horar da shi bisa dauriya, sai ya ɗauki faɗin damuwarsa a matsayin ragwanci. Wannan shiru shi ke kai wasu ga hallaka kansu. Don haka a 2007 Amurka ta buɗe wa tsofaffin sojojinta layin tarho na neman agaji, wanda tun 2022 ake samu ta lamba 988. Sai dai tarho ba ya ganin fuska. Abokin da ya lura, ya tambaya ba kwana-kwana, ya saurara, ya raka shi wurin likita, shi ke fara ceton rai.