Ƙarfe Sha Ɗaya a Melbourne

A Melbourne ta Ostareliya akwai ginin tunawa da sojojin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka buɗe a 1934. Magina sun bar 'yar kafa a rufinsa, aka auna tafiyar rana tsaf, don ranar 11 ga Nuwamba, da ƙarfe sha ɗaya na safe, haske ya sauko kan wani dutse da aka nutsar a daɓe. Sai ka sunkuyar da kai kafin ka karanta rubutun jikinsa.

Haƙurin masu lissafin nan yana ratsa ni ƙwarai. Da jihar da birnin yake ciki ta koma tura agogo gaba lokacin zafi a 1971, daga baya sai aka kafa madubi yana karkato hasken, don kada jama'a su jira har tsakar rana.