Aikin Tarayya, Ƙasar Gwamna, Gonar Talaka

Bututun iskar gas da aka fi sani da AKK ya taso daga Ajaokuta a Jihar Kogi, ya ratsa yankin Abuja da jihohin Neja da Kaduna, ya nufi Kano. Tsawonsa kilomita 614 ne, kuma a ranar 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi. A taswirar ofis, layi ne siriri wanda hukuma ɗaya ta zana. A doron ƙasa kuwa, kowane taku na wannan layi ya faɗa ne a gonar wani, ko burtalin makiyaya, ko gefen maƙabartar wani ƙauye. Daga nan tambaya ke tasowa, wadda ta shafi kowane babban aikin makamashi a Najeriya, na gas ne ko na madatsar ruwa ko na manyan turakun lantarki: wa ke da ikon cewa a bi ta nan, kada a bi ta can?

Dokokin ƙasar sun raba amsar gida uku, kuma ba su yi rabon daidai ba.

Kaso na farko na Gwamnatin Tarayya ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe mata harkar man fetur da iskar gas da ma'adinai, da kuma ruwan kogunan da suka shafi jiha fiye da ɗaya. Dokar bututun mai ta 1956, wadda ta haɗa da na gas, ta ba minista ikon bayar da izinin auna hanya da lasisin shimfiɗa bututu. Hukumar NERC ke bayar da lasisin samar da wutar da za ta hau babban layin ƙasa, kamfanin TCN kuma shi ke riƙe da manyan layukan dakon ta. Sannan dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cewa kafin a fara irin waɗannan ayyuka sai an rubuta rahoto, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi. A taƙaice, shawarar ko ana bukatar aikin, da kuɗinsa, da hanyar da zai bi, duk a Abuja ake yanke su.

Sai dai Abuja ba ta da ƙasar da za ta kafa aikin a kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, ban da filayen da tarayya ta riga ta mallaka. Abin da kowa ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, kuma gwamna na iya soke shi idan maslahar jama'a ta rinjaya. Sashe na 28 ya ce idan sanarwa ta fito daga Shugaban Ƙasa cewa ana bukatar fili don amfanin jama'a, wajibi ne gwamna ya soke haƙƙin da ke kansa. A rubuce ke nan. A aikace, ma'aikatan filaye na jiha su ne ke zagayawa su ƙidaya gonaki da itatuwa, su tantance masu su, su fitar da sanarwa. Gwamnan da bai so ba, ba sai ya ce a'a ba. Jan ƙafa kaɗai ya isa ya tsayar da aikin biliyoyin naira. Wannan doka kuma an kafe ta a cikin Tsarin Mulki, a sashe na 315, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin kansa.

An taɓa yunƙurin ɗinke wannan ɓaraka. A 1992 gwamnatin soja ta kafa dokar tsara birane da yankuna, wadda ta hango tsani mai hawa uku: hukuma a tarayya da za ta zana tsarin ƙasa baki ɗaya, hukuma a kowace jiha, da ofishin tsara gari a kowace ƙaramar hukuma, kowane tsari na ƙasa yana bin na samansa. Bayan dawowar mulkin farar hula, Jihar Legas ta kai ƙara, kuma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Babban Birnin Tarayya. Hukuncin ya dace da tsarin tarayya, amma ya bar giɓi. Tun daga lokacin babu wani tsarin amfani da ƙasa na tarayya da ya zama dole ga hukumomi irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Mai zana layin wuta yana da taswirarsa, mai yanka filayen unguwa yana da tasa, kuma ba abin da ya tilasta su ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Ana ganin sakamakon a gefen kusan kowane babban birni. Ƙa'ida ta tanadi fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330, da mita 30 ga mai kilobolt 132, wanda bai kamata a yi gini a cikinsa ba. Amma gari yana girma, ya cimma layin da aka kafa a daji shekaru arba'in baya, a yanka filaye, a sayar, shaguna da gidaje su tashi a ƙarƙashin wayoyi. Ranar da aka zo faɗaɗa layin, sai a tarar da iyalai riƙe da takardun ciniki masu sa hannun mai unguwa, wasu har da shaidar biyan kuɗi ga hukuma. Kamfanin tarayya ba shi ne mai izinin gini ba, sai ya nemi jiha ta rushe. Wanda ya zuba fanshonsa a ginin shi ke kwana a ciki.

Kaso na uku, mafi ƙanƙanta, shi ne na ƙaramar hukuma. Dokar 1978 ta ba ta ikon bayar da haƙƙin gargajiya a kan filayen karkara, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Ita ce ta fi kusa da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san iyakar kowace gona, suka san rafin da ke ƙafewa da wanda ke kai wa bazara. Duk da haka babu matakin da doka ta ce sai an ji ta bakinta kafin a tsayar da hanyar bututu ko tsayin madatsa. Rawar da ta fi takawa ita ce ta masaukin takarda: ana ajiye kwafin rahoton muhalli a sakatariyarta tsawon ranakun aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Rahoton kundi ne mai kauri, da Turancin injiniyoyi, sanarwarsa kuma galibi a jaridun da ba sa isa ƙauye take fitowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma a nan sai an gama rufi ake nuna masa zanen.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen diyya. Da yake doka ta ɗauka cewa ƙasar kanta tana hannun gwamna, idan aka karɓe fili don amfanin jama'a abin da ake biya shi ne ƙimar abin da aka ɗora a kai: gini, amfanin gona, itatuwa masu daraja kamar mangwaro da ɗorawa. Saurar da aka bari ta huta ba ta da abin ƙirgawa. Burtali da mashaya ba su da mai takarda. Fadamar da ke ciyar da gida duk rani ana iya auna ta da kuɗin albasar da aka tarar a cikinta ranar ƙidaya. Idan kuma filin na al'umma ne, gwamna na iya umartar a biya ta hannun shugabansu, wanda sau da yawa ke zama mafarin wata rigimar. Bututun mai da gas suna da nasu tanadin diyya a wata dokar, kuma Tsarin Mulki ya ba wanda aka karɓe wa dukiya damar zuwa kotu, amma manomin da ke jiran damina ba shi da jarin shari'ar shekaru.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 tun kafin dokar 1978, ta tashi kimanin mutum 44,000 a ƙasashen Borgu da Yawuri. Tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina Sabuwar Bussa. An gina wa mutane gidaje a sababbin matsugunai, amma Gungawa, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga noman albasa da kamun kifi a tsibirai da gaɓar Kwara, sun rasa abin da gidan siminti ba zai maye ba. Daga baya aka ƙara Jebba da Shiroro, sannan Zungeru mai megawat 700 a kan Kogin Kaduna. Sai a 2010 aka kafa dokar hukumar HYPPADEC don raya yankunan da madatsun wuta suka shafa, kuma an shafe kimanin shekara goma kafin ta fara aiki. Wato an ɗauki fiye da rabin ƙarni tsakanin tashin mutanen Kainji da samuwar ofishin da zai saurari kukansu.

Ingila, wadda Najeriya ta gaji dokar tsara garuruwa ta 1946 daga wurinta, ta sha irin wannan tirka-tirka. Zaman sauraron jama'a kan tashar nukiliya ta Sizewell B ya ci kwana 340 tsakanin 1983 da 1985. Dokar da suka kafa a 2008 ta raba tambayoyin biyu. Gwamnati na rubuta manufar ƙasa kan makamashi, majalisa ta duba ta, ta yadda ba za a sake gardamar ko ana bukatar wuta ba a kowane aiki. Sannan, a yadda aka kafa ta a 2008, dokar ta wajabta cewa mai aikin ya tuntuɓi jama'ar wurin kafin ya miƙa takardarsa, a yi bincike a bainar jama'a cikin wata shida, ƙaramar hukuma kuma ta rubuta rahoton yadda aikin zai shafi yankinta, wanda dole minista ya yi la'akari da shi. Maganar ƙarshe ta minista ce, kuma ba kullum take yi wa mutanen gari daɗi ba: a 2022 an amince da tashar Sizewell C duk da masu binciken ba su ba da shawarar amincewa ba. Amma akwai zaure sananne, da lokaci ƙayyadadde, da dalilai a rubuce waɗanda za a iya ƙalubalanta a kotu.

Najeriya ta samu wata dama a 2023. A watan Maris aka gyara Tsarin Mulki don jihohi su iya samarwa da rarraba wuta ko a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Yanzu gwamnan da ke riƙe da ƙasa da izinin gini yana iya riƙe lasisin wuta ma. Hakan zai rage jan ƙafa, musamman ga manyan gonakin sola da Arewa ke da rana da filin karɓarsu. Haɗarin shi ne mai neman fili da mai soke haƙƙi da mai ƙiyasta diyya duk sun zama mutum ɗaya.

Babu mai musun bukatar wutar. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka yi shiru, da asibitin da ke tiyata da janareta, su ma haƙƙi gare su, kuma ba zai yiwu kowane ƙauye ya samu ikon hana aikin da miliyoyi ke jira ba. Abin da ya rage shi ne a ba matakin ƙasa matsayi a doka: a shigar da hanyoyin bututu da layukan wuta cikin taswirar kowace jiha kafin a yanka fili, a wajabta rahoton ƙaramar hukuma kafin a tsayar da hanya, a karanta taƙaitaccen rahoton muhalli da Hausa da Nufanci da Gwaranci a rediyo da ƙofar fadar hakimi, a kuma lissafa saura da burtali cikin abin da aka rasa. Jihohi na da ikon yin mafi yawan wannan da dokokinsu, ba tare da jiran Abuja ba. Karkatar da layi a takarda aikin yini guda ne. Bayan an zuba kankare, sai dai kotu ko 'yan sanda.