Muze na Yamai, wurin da yara ke cin salla

Duk wanda ya taɓa yin salla a Yamai ya san inda yara ke nufa in an sauko daga idi. Da sabbin tufafinsu da kuɗin barka da salla a aljihu, sai Muze, wato gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda ke kusa da kadarkon Kenedi, ba nisa da bakin kogin Isa.

An kafa wannan gida cikin shekara ta 1959, kafin samun ƴancin kai. Wani Bature mai suna Pablo Toucet ne shugabansa na farko, kuma marigayi Bubu Hama ya tsaya masa ƙwarai, shi ya sa a yau gidan ke ɗauke da sunansa. Filin ya kai hekta 24. Akwai ɗakunan tufafin gargajiya da kayan kiɗa, akwai bukkoki da gidajen da aka gina irin na Hausawa, Zabarmawa, Filani da Buzaye. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aikinsu a fili, mai so ya tsaya ya kalla, mai kuɗi ya saya.

Amma yaro ba don wannan ya zo ba. Shi dai a kai shi wurin lilo, sannan ya ga zaki da kura da dorina. Wanda ya fito daga ƙauyen Maraɗi ya ci fiye da kilomita 600, na Damagaram kusan 900, kuma lilon da ya sani shi ne igiya ɗaure ga reshen tsamiya, ba a biyan ko dala. A nan kuwa lilon na ƙarfe ne, sai an shiga layi, hawan bai daɗewa. Duk da haka in ya koma gida wata guda zai yi yana ba tsaransa labari, yana ƙara gishiri.

Waɗanda suka hau wannan lilo tun suna ƴan lakwal yanzu sun zama iyaye, wasu ma sun yi jikoki. Da yawa ba su mance da gurnanin zaki na farko da suka ji ba, da yadda suka ruga bayan yayyensu. Sai dai in sun dawo da nasu ƴaƴan, idonsu na ganin abin da bai gani ba a da. Zakin da ya ba su tsoro yanzu tausayi yake ba su: yana kai da kawowa cikin keji, yara na yi masa ihu tun safe har la'asar. Manomin da ya san daji ya san wannan ba zaman zaki ba ne. To amma in ba a nan ba, ina ɗan talaka zai ga zaki da idonsa? A dajin ƙasar Hausa an daɗe da rabuwa da shi, sai ragowar da ke can gandun W.

Akwai kuma maganar aljihu. Kuɗin shiga ba su da yawa, amma mai ƴaƴa bakwai ya biya ƙofa, ya biya wasa, ya sayi alawa da ruwan sanyi, ga kuɗin taksi, zai ji a jikinsa. Ga cinkoso. Ranar salla ƙaramin yaro na iya kuɓucewa daga hannun yayarsa cikin ƙiftawar ido. Ya kamata iyaye su haɗa yaran da babba, kuma kowane yaro ya san sunan ubansa da unguwar da aka sauka.

Cikin wannan turmutsitsi yara kan wuce abubuwa biyu a guje. Ɗaya shi ne ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, har da wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Ɗayan kuwa busasshen icce ne, wani kandili da ya daɗe tsaye shi kaɗai tsakiyar Tenere, ayarin gishiri na gane hanya da shi. Wata kamyo ta buge shi cikin 1973, aka ɗauko shi zuwa Yamai aka gina masa rumfa. A can inda ya tsaya, iccen ƙarfe aka kafa madadinsa.