Ƙugiya a bayan madubi

Allunan girmamawa da ƙungiyoyinmu na Illela da Ƙonni ke rabawa yau, da yawansu na madubin roba ne. Hasken leza ke yanka shi, ya ƙone shafen bayansa, shi ya sa ake juya rubutun don ya karantu ta gaba. Aikin na burge ni, domin da wuta kakanninmu ma suka zana ƙwarya.

Sai dai leza ba alli ba ce, abin da ta ƙone ba ya goguwa. Na riƙe allon da aka zana wa wani dattijon malami «gwarzon kasa». Kasa fa macijiya ce! Tun 1999 Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. A layin Faransancin allon kuwa, ko ɗigo bai ɓace ba.