Hanyar Gadarif: Kwalta Ɗaya, Babu Shinge

Duk wanda ya taɓa saro riɗi ko dawa a Gadarif ya san hanyar da ta taso daga Madani, ta ratsa Fau da Gadarif, ta wuce Kasala har Fot Sudan. 'Yan ƙasar Sin ne suka shimfiɗa ɓangaren Madani zuwa Gadarif a shekarun 1970. Na sha bin ta, kuma abu ɗaya ke tayar min da hankali: mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa. Da kakar riɗi, wajen Oktoba da Nuwamba, tireloli sai su yi jerin gwano, direban bas ya ƙosa ya fita zai wuce, sai a yi gaba da gaba.

Maganin wannan shingen tsakiya ne. Na kankare ba ya cin kuɗin gyara, amma yana tare ruwa in ba a bar masa kafofi ba, ga shi ƙasar nan baƙar laka ce, ta kumbura da damina, ta tsage da rani. Na wayar ƙarfe kuwa, Suwidin ta fara sa shi tun 1998 a titi mai layi uku, ana karɓa-karɓar layin wucewa. Matsalarsa, in mota ta buge shi sai an sake kafa sanduna.

Ni dai a ganina, kankare a mashigar gari, waya a fili, a kuma bar wa makiyaya mashigar dabbobi. Kafin Allah ya kawo ranar, ɗan'uwa, gara ka kwana a tasha da ka bi motar dare. Iyali na jiran ka.