Ranar da likita ta shigo gidanmu

Shekarar da 'yata ta ci jarrabawar BEPC a Djougou, na riga na yanke cewa karatun ya isa haka. Masu neman aurenta sun aiko da goro, na kuwa karɓa.

Ana cikin haka ciwon suga ya kwantar da mahaifiyata. Sai ga 'yar maƙwabtanmu ta zo hutun Babbar Salla, yarinyar da na sani tun tana tallan ƙosai kafin ta wuce lakwal. Ashe ta gama Lycée Mathieu Bouké, ta karanta likitanci a Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001. Ta durƙusa ta gai da Inna, ta ɗan soki yatsarta ta auna jini, sannan ta bayyana mata da Hausa yadda fura mai sukari ke tayar da ciwon. Inna, wadda ba ta taɓa yarda namiji ya duba ta ba, ta miƙa hannu ba musu.

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Da dare ta ce, "Baba, série D nake so." Kwana uku ban amsa ba, domin ban san mene ne shi ba, sai da malaminta ya ce mini ajin ilimin halittu ne da lissafi.

Yau tana jami'a a Parakou, tana zaune wurin gwaggonta a Zongo. Goron kuwa da kaina na mayar, kuma har yanzu akwai dattijon da ba ya amsa gaisuwata a kasuwa.