Mai Abu da Abinsa: Tsokaci a Kan Kalmar "Rightful"

Daga cikin kalmomin Ingilishi da na daɗe ina juyawa a raina a sha'anin fassara akwai kalmar "rightful". Siffa ce da Turawa ke liƙa wa wanda abu ya zama nasa bisa cancanta, kamar magaji ko mai dukiya ko mai sarauta. Tushenta shi ne "right", wadda a tsohon Ingilishi take nufin abin da ya miƙe sak. Da tafiya ta yi tafiya sai ta ƙunshi ma'ana biyu, wato abin da doka ta tabbatar wa mutum da kuma abin da adalci ya ba shi.

Bahaushe yana da kalmomi da dama a wannan fage. Akwai "halattacce", akwai "na haƙiƙa", akwai kuma "mai haƙƙi". Kalmar haƙƙi an aro ta ne daga Larabci, inda take ɗauke da ma'anar gaskiya. Abin da ya fi burge ni shi ne, daga wannan tushe ne muka sami kalmar alhaki. Ke nan a tunanin Bahaushe, haƙƙin wani nauyi ne a wuyan wani. Duk wanda ya danne shi ya ɗauki alhaki, shi kuwa alhaki kuikuyo ne, mai shi yakan bi.

Wahalar fassarar takan fito fili ne idan doka da adalci suka raba hanya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a Nijeriya amana a hannun gwamna, shi ne kuma ke bayar da takardar shaidar mallaka. A ƙaddara wani ya zo da irin wannan takarda a kan gonar da wani gida ya gada tun kaka da kakanni. Shin gonar ta wa ce? Idan mai fassara ya ce "halattaccen mai gona", hankalin mai sauraro zai koma ga mai takarda. Idan kuwa ya ce "mai haƙƙin gona", magadan za a tuna. Bature ya dunƙule biyun cikin kalma guda, mu kuwa tilas mu zaɓi ɗaya, kuma zaɓin kan iya zama hukunci tun kafin alƙali ya buɗe baki.

A ganina, malamin da zai koyar da fassara ya kamata ya saba wa ɗalibansa da duba muhallin kalma kafin su ɗauko ma'ana daga ƙamus. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai iya zama tafinta a kotu, inda gonar marayu za ta rataya a kan kalmar da ya zaɓa.